Fiffiken kifin rezin na karyewa? Ku bar hadina ya huta

To jama'a, ga kifin nan, ba na gaske bane, kwafi ne. Mai kamun kifi ya ɗauki hoto, ya auna tsayi da kauri, ya mayar da kifinsa ruwa, sai a zuba masa irinsa da rezin (ruwan roba mai daskarewa ya yi tauri) da faiba (zaren gilashi) ya rataye a bango. Gangar jikin ba ta cika ba da matsala ba. Inda ake kuka shine fiffike da jela, saboda siraran ne, a wasu wuraren har haske na ratsa su.

Ku kalli wannan. Ɗan taɓawa kawai... ƙwas. Shikenan.

Yanzu shawarar da ke ta yawo ita ce wai ka rage hadina, wato ruwan da ake haɗawa da rezin don ya daskare, fiffiken zai yi laushi ya riƙa lanƙwasa. Nan zamu daɗe yau, don wallahi wannan shawarar ta ɓata wa mutane aiki ba kaɗan ba.

Idan rezin ɗinka foliyesta ne, hadinan da kake ɗigawa, mai suna MEKP, aikinsa tayar da daskarewa ne kawai, ana sa kamar kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Ka rage shi ƙasa da haka, abun da zaka samu rezin ne da bai gama nuna ba. Eh zai lanƙwasa yau, kai ma ka ji daɗi, amma dubi yatsana... danƙo. Warin nan ma baya tafiya, fenti baya zama a kai, kuma ko dai ya ci gaba da taurara a hankali ya koma gautsin da ka gudu, ko ya zauna haka yana kwasar ƙura. Ka cika shi da yawa kuma rezin ɗin ya yi zafi, ya tsage, gautsin ya ƙaru.

Idan kuma yuretan ne mai kashi A da kashi B to abun ya ma fi tsanani, domin su biyun haɗuwa suke da juna daidai wa daida, wanda yayi rara bashi da abokin haɗuwa, yana nan a ciki a ruwansa, daga baya sai ka ga maiƙo yana tsattsafowa ta ƙarƙashin fentin da ka kwana kana fesawa. In robar ta ce 1 da 1, to 1 da 1 ɗin. Rezin ɗin ifoksi ma haka.

Laushin daga ina zai zo kenan? Daga irin rezin ɗin da ka saya. Ku duba wannan lambar a jikin kwali, Shore D, ma'aunin tauri ce. Smooth-Cast 300, wani yuretan na kamfanin Smooth-On, yana kan 70D, shi ya sa yake da tauri. Suna da masu sassauci kamar 65D da 45D, lamba na sauka laushi na ƙaruwa. Masu foliyesta kuma akwai nau'in mai lanƙwasa da ake sayarwa daban, kana sirka shi da na yau da kullum, hadina kuma ka lissafa shi kan jimillar duka.

Ni dai a ganina kar ku zarce. Fiffiken da yayi laushi sosai sai ya langaɓe kamar kunnen akuya, musamman in ɗakin da zafi, kifi kuma ya tashi daga mai iyo ya koma mai jin barci. Abun da ake so ya lanƙwasa in an buge shi ya dawo wurinsa. Ku zuba ƙananan gwaji tukuna, ku bari su gama nuna sosai kafin ku yanke hukunci, rezin da aka cire yanzu daga mol, wato mazubin da ke fitar da siffar, ko wane iri ne zai yi maka kamar mai laushi.

Sauran da sauri. Shafa rezin siriri a mol ɗin silikon, shimfiɗa ƙyallen faiba mafi siranta, irin wanda yake ɓacewa in ya jiƙe, shi zai riƙe fiffiken ko da ya tsage. Rufe, matse, rarar ta fita ta gefe. Hannu da sauri fa, 300 ɗin nan minti 3 kawai yake baka. Mol ya bushe ƙarau, yuretan baya shiri da danshi, kumfa zai yi maka. Safar hannu, tabarau, takunkumi, a buɗe taga, MEKP a ido ba wasa bane.

Ga shi mun cire. In kana son ya ɗan karkata, ɗumama shi kaɗan da ruwan zafi, lanƙwasa, riƙe har ya huce. Wanke maganin hana mannewa da ake shafa wa mol tas daga fiffiken kafin fenti, fentin kuma a fesa shi siriri siriri, mai kauri shi ke fara tsagewa in fiffiken ya motsa.

Yanzu mu sake buga shi mu gani... kun gani ko? Ya dawo.