Filin Manoma: Gadon da Tsiro ke Ci ta Ɗaki Ɗaya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Manoman rani na fadamar Argungu, da 'yan uwa na Aliero, ku matso kusa da akwatin rediyo.

Wani mai sauraro ya aiko da tambaya: Malam, in an yi barbarar iri biyu, ba raba daidai ɗan ke gado ba? To, abin da ke cikin cibiyar ƙwayar halitta kam haka ne, rabi na uwa, rabi na uba. Sai dai a wajen cibiyar akwai wasu 'yan rumbuna biyu, kowanne da nasa DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gado. Ɗaya kuloroplas, mai sa ganye kore, mai dafa wa tsiro abinci da hasken rana. Ɗayan maitokondiriya, mai mai da abincin nan ƙarfi. A yawancin tsirrai masu fure, duka biyun daga uwa suke zuwa, wato furen da ya ɗauki ɗa. Tun 1909 wani Bajamushe, Carl Correns, ya lura cewa rodi-rodin ganyen wani fure uwa kawai yake bi, ko wane ne uban.

Kankanarmu haka take, duka na uwa ne. Amma ku ji ikon Allah! Kokwamba, da suke dangi ɗaya da kankana, maitokondiriyarta ta uba take ɗauka. Ayaba ma haka: kuloroplas na uwa, maitokondiriya na uba. Kiwi kuma, wani ɗan itace da ba mu nomawa a nan, shi ya juya abin, kuloroplas ɗinsa galibi na uba ne.

Na san wani zai ce, ina ruwan manomi da wannan? Mutanen Aliero, ai ku ne da ruwa. A 1925, a Kalifoniya ta Amurka, wani mai binciken iri, Henry Jones, ya tsinci wata albasa da furenta ba ya yin garin barbara mai rai. Tushen abin yana cikin maitokondiriya, ta uwa yake bi. Tun da ba ta iya barbarar kanta, dole ta karɓi uban da aka zaɓa mata, kuma da wannan dabarar ake fitar da irin albasa mai aure da kuke saye a gwangwani.

Saboda haka in za ku gwada barbarar kankana da hannu, ku ɗaura zare a gindin furen macen, ku rubuta sunan uwa kafin na uba, yadda masu binciken iri ke yi. Bari mu ji wannan saƙon, in mun dawo sai mu taɓo goyon ayaba.