Jan biro a kan takardar marainiya

Nasiru: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanku da yamma daga Garwa, a Kamaru. In kun ji ƙugi a baya, fanka ce, iskar zafi kawai take turo mana. Ina tare da Malam Iliyasu da Yaya Rabi. Yaya, yau ke kika zo mana da takarda a jaka.

Rabi: Ni ce. Ta 'yar maƙwabciyata ce, tana ajin da ke shirin jarrabawar Probatoire, wadda ake yi kafin shiga ajin ƙarshe na sakandare. Ta yarda mu tattauna a kai, amma ban da suna. Malaminsu na Faransanci ya ba su littafin Mariama Bâ, Une si longue lettre, ya ce su yi rubutu a kan tambaya ɗaya: shin rubutu yana rage zafin rashi? Ta samu 7 cikin 20. Ga shi nan, ya ja layi daga sama har ƙasa a shafi na biyu, ya rubuta hors sujet.

Nasiru: Wato ta saki hanya.

Rabi: Kuma shafin da ya soke ɗin, a nan ta kawo rasuwar babanta. Wata biyar ke nan. Ta shigo ɗakina ta ajiye takardar a kan gado, ko kuka ba ta yi ba, ta ce "Anti, ashe babana ma hors sujet ne."

Malam Iliyasu: Innalillahi. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta. Miƙo min ita. To, kafin ku yanke wa abokin aikina hukunci, ku san yadda aka horar da mu. Rubutun da ake kira dissertation gini ne mai ɗaki uku: ka kawo hujjar masu cewa e, ka kawo ta masu cewa a'a, sannan ka haɗa su ka fito da matsaya. Ana hana ɗalibi cewa "ni". Mai gyara a ranar jarrabawa bai san yarinyar ba, ko sunanta ba ya gani. In malaminta ya ba ta 14 don tausayi, ya cuce ta a watan Yuni.

Rabi: Ni ban ce ya ba ta sadakar maki ba, Malam. Ita ma ba za ta so haka ba. Amma bakinsa ciwo yake yi da ba zai kira ta ya ce ya haƙuri ba?

Malam Iliyasu: A nan ba ni da abin kare shi. Ta'aziyya da baki ake yi, ba a gefen takarda ba, kuma ita ce a gaba.

Nasiru: Ga waɗanda ba su karanta littafin ba, Malam.

Malam Iliyasu: Marubuciyar 'yar Senegal ce, littafin ya fito a 1979, ya ci kyautar littattafan Afirka mai suna Noma a 1980, ita kuma ta rasu a 1981. Ramatoulaye, malamar makaranta mai 'ya'ya 12, mijinta Modou ya rasu. Kafin nan ya auri ƙawar 'yarsu ya juya mata baya. Tana cikin takaba ta buɗe littafin rubutu tana rubuta wa aminiyarta Aïssatou wasiƙa. Littafin gaba ɗaya wasiƙar ce.

Rabi: Wata huɗu da kwana goma. Ni na yi su, shekara shida da suka wuce. Mutane suna tsammanin kwanakin farko ne masu wuya. A'a. Kwanakin farko gida cike yake, ana ɗora tukunya ana saukewa, kowa na ce miki sai haƙuri har kalmar ta daina shiga kunne. Ranar da aka yi sadakar bakwai aka naɗe tabarmi, aka mayar wa maƙwabta kujerunsu, ranar za ki san an yi miki mutuwa. Ba kwalli, ba turare, ba unguwa. Ke da bango huɗu.

Nasiru: Yaya, kusan abin da yarinyar ta rubuta ke nan. Bari in fassara wurin. Ta ce kullum da magariba mamarta tana ɗauko kwanuka za ta raba tuwo, sai hannunta ya kai ga kwanon baban, wanda ke da murfi mai fure. Ta tsaya. Ta mayar. In an yi isha'i kuma sai ta jawo turmi ta kife a jikin katanga, ta hau, ta leƙa ta kira maƙwabciya, su yi ta magana ƙasa-ƙasa har dare ya raba.

Rabi: Ni ce maƙwabciyar.

Malam Iliyasu: Ikon Allah. To ku saurara, wannan shi ne wuri mafi kyau a takardar, kuma ita ba ta sani ba. Shafinta na farko haddar darasi ce, an haifi marubuciya shekara kaza, jigon littafi kaza, duk yaran ajin haka suka rubuta. A shafin da aka soke ne kawai ta yi tunani da kanta. Ta gano cewa mai takaba ba ta iya fita, don haka sai ta nemo wa maganarta ƙofa. Mamarta ta samu katanga, Ramatoulaye ta samu littafin rubutu. Kuma dukkansu akwai mai saurare a ɗaya ɓangaren. Wannan ai amsar tambayar ce: ba biro ke kawo sauƙi ba, Aïssatou ce.

Nasiru: To me ya hana ta maki?

Malam Iliyasu: Ba ta koma ga littafin ba. Ta hau turmi tare da mamarta, ta zauna can har ƙarshen shafi. Da ni ne, zan rubuta mata a gefe: ki rage wannan zuwa layi biyu, ki cire "babana", ki ce mace mai takaba a garuruwanmu. Sannan ki nemo min inda Ramatoulaye ke zaune kusa da kishiyarta ana ƙirga kuɗin gaisuwa, dangin miji su kwashe su tafi. Ki nemo ranar arba'in, da yayan mijin, Tamsir, ya zo neman aurenta, ta buɗe baki ta wanke shi tas bayan shekaru 30 tana haɗiye magana. Ki tambayi kanki, da ba ta daɗe tana zuba wa Aïssatou cikinta ba, za ta iya?

Nasiru: Nan ne ba mu jitu ba, Malam. A jami'ar Marwa ma haka ake ce mana, cire kanka, cire kanka. Mutum ya rasa uba, a ce ya mayar da shi "wani mutum"?

Malam Iliyasu: A takardar jarrabawa, e. Saboda baƙo ne zai karanta, yana da tari a gabansa, zai sa lamba a kai. Ba na son a sake sa wa babanta lamba. Wancan shafin ta kwafe shi a wani littafi nata, ta ci gaba da shi yadda ranta ke so.

Rabi: Ta riga ta fara. Na ga littafin ƙarƙashin matashinta, ban taɓa ba.

Nasiru: Yanzu a hannunka nawa za ta ci?

Malam Iliyasu: Yadda take ɗin nan, 9. In ta gyara yadda na ce, za ta haura 12 ba wahala.

Rabi: Tara! Kai ma ashe hannunka a matse yake.

Malam Iliyasu: Ki kawo ta gida ranar Asabar bayan la'asar, ta zo da nata littafin Mariama Bâ, nawa shafukan ƙarshe sun zube. Ki faɗa wa mamarta uwargida za ta shigo gaisuwa, ba mu ji rasuwar ba sai yau.