Yadda Likitocin Yaƙi Ke Gano Ɓarnar Harsashi a Wuya

Ramin da harsashi ke bari a wuyan soja yakan kasance ƙarami, amma a cikin wannan ɗan wuri ne hanyar numfashi da hanyar abinci da laka da manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suke cunkushe. Saboda haka abin da likita yake son sani shi ne inda harsashin ya bi da abin da ya taɓa a hanyarsa.

Numfashi da zubar jini ake fara dubawa. Idan jini na tsartuwa, ko kumburi na ƙaruwa a gaban idon likita, ko iska na fita ta raunin da kumfa, ba a tsayawa ɗaukar hoto, ɗakin tiyata ake nufa kai tsaye. Ba a zura ƙarfe a lalubi raunin, domin yin hakan na iya tumɓuke gudan jinin da ya toshe jijiyar da ta fashe.

Wahalar tana wajen wanda ya zo da sauran ƙarfinsa, yana ma magana. A Yaƙin Duniya na Biyu, likitocin soja sun karkata ga buɗe wuyan duk wanda raunin ya huda siririyar tsokar da ke ƙarƙashin fatarsa. A 1956, likitoci Fogelman da Stewart a Amurka suka ba da rahoton cewa kashi 6 cikin ɗari ne suka mutu daga waɗanda aka yi wa tiyata da wuri, alhali adadin ya kai kashi 35 ga waɗanda ba a gaggauta yi musu ba. Sai dai sau da yawa akan buɗe wuyan a tarar babu ɓarna, kuma wannan asara ce babba a asibitin da raunannu ke jiran likita ɗaya.

A 1969 likita Monson da abokan aikinsa suka raba wuya shiyya uku. Ta tsakiya ta fi sauƙin kaiwa da wuƙa, ta ƙasa tana leƙa ƙirji, ta sama kuma ta ɓuya a bayan muƙamuƙi. Amma harsashi bai san iyaka ba, shi ya sa asibitoci irin na sansanin soja na Bastion a Afganistan suka dogara da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta CT, wadda ke nuna jijiyoyi bayan an ɗura wa majinyaci wani ruwa na musamman.

Inda babu wannan na'ura, hanyar abinci ce ta fi tsoratar da likitoci, domin hujewarta kan yi shiru da farko, sannan ƙwayoyin cuta su gangara cikin ƙirji. Don haka ake ba majinyaci ruwan da ke fitowa a hoton X-ray ya haɗiya, a kuma riƙa komawa kansa ana sauraren muryarsa, ana taɓa fatar wuyansa ko iska ta taru a ƙarƙashinta, ana auna zafin jikinsa dare da rana.