Yadda Ake Yi Wa Mai Koyon Fiyano Gyara a Kan Sonatar Farin Wata

Wani mai koyo ya turo muku sautin da ya naɗa a waya, ya kaɗa kashin farko na sonata (dogon kiɗa mai kashi-kashi) ta 14 ta mawallafin kiɗa Beethoven, wadda aka fi sani da Sonatar Farin Wata, ya ce ku faɗa masa gaskiya. Kada ku yi gaggawar rubutu. Ku saurara sau uku. Na farko hannu rabbana, babu biro babu takarda. Na biyu da takardar kiɗan a gabanku, kuna bin gaɓoɓinta 69, wato gajerun sassan da aka raba kiɗan da layukan tsaye, ɗaya bayan ɗaya. A na uku ne za ku riƙa rubuta minti da daƙiƙar da kuka ji matsala.

Kafin ku ɗora wa yatsunsa laifi, ku ware abin da ba nasa ba ne. Waya takan ɗaga sautin da ya yi ƙasa, ta danne wanda ya yi sama, sai kiɗan ya fito bai ɗaya kamar mutumin bai san laushi da ƙarfi ba. Idan kuma an ajiye ta a kan fiyanon, za ku ji ƙarar feda, wato matakin ƙafa mai tsawaita amo, da bugun katako. Ku ce ya matsar da ita kamar mita biyu, a kan wani abin daban. Fiyanon da tsirkiyarsa ta saki kuwa aikin mai saiti ne.

Sai gudun kiɗan. Beethoven ya rubuta wannan sonata a 1801, sunan farin wata kuwa wani mai sharhi ne, Ludwig Rellstab, ya jawo shi bayan rasuwar Beethoven. Sunan ya yi wa masu koyo illa, domin suna jan kiɗan kamar mai gyangyaɗi. Ku duba farkon takardar: alamar da ke wurin tana nufin bugu biyu manya a kowace gaɓa, ba huɗu ba. Idan kashin ya wuce minti bakwai, karin waƙar zai tsinke, kowane amo ya mutu kafin na gaba ya zo. Ku ba shi shawarar ya sa metronom, na'urar ƙirga bugu, tsakanin 52 da 56 a minti, kowane ƙaramin bugu (rabin babban) ya ɗauki amo uku, zai ƙare a wajen minti biyar.

Yanzu ku saurari gaɓa ta 5, inda karin waƙar yake shigowa. A nan ne akasarin masu koyo suke tuntuɓe. Hannun dama yana aiki biyu a lokaci guda: babban yatsa da na kusa da shi suna tafiya uku-uku a ƙasa, ƙaramin yatsa yana rera waƙar a sama da amo dogo da gajere. Gajeren nan ba ya faɗuwa tare da amo na uku, bayansa yake zuwa kaɗan. Ku raba ƙaramin bugun gida goma sha biyu. Amo uku na ƙasa suna faɗuwa a gida na 1 da na 5 da na 9, gajeren na sama kuma a gida na 10. Mai koyo yakan haɗe su wuri guda, waƙar ta yi lanƙwasa, ko kuma ya makara da gajeren har ya zama kamar tsalle. Maganin shi ne ya bar fiyanon, ya buga a kan tebur a hankali ƙwarai, hannun hagu yana uku-uku, na dama yana waƙar, yana ƙirga gidajen da baki. Minti biyar kullum har mako guda ya isa a ji bambanci.

Abu na gaba, wane amo ne ya fi fitowa? Babban yatsa ya fi kowane nauyi, kuma shi ke fara kowane rukuni na uku, don haka za ku ji yana dukan kunne yana rufe waƙar. Ku ce ya karkatar da nauyin hannunsa wajen ƙaramin yatsa. Akwai atisaye mai kyau: ya kaɗa waƙar da ƙarfi, sauran yatsun su taɓa madannai kawai ba tare da sun fitar da sauti ba, daga baya ya bar su su yi raɗa.

Batun feda yana son natsuwa. Beethoven ya rubuta da Italiyanci cewa a kaɗa dukan kashin da matuƙar laushi kuma ba tare da matosan tsirkiya ba, wato feda a danne. Amma fiyanon birnin Biyana na zamaninsa ƙarami ne, sautinsa yana saurin gushewa. Na yau mai madannai 88 yana riƙe amo da daɗewa, idan ba a ɗaga ƙafa ba komai zai cakuɗe. A sauya feda duk lokacin da amon hannun hagu ya sauya. Tsarin shi ne yatsa ya sauka, ƙafa ta ɗaga a daidai lokacin, sannan ta koma. In kun ji giɓi, ya ɗaga da wuri. In kun ji tsohon amo yana bin sabo, ya makara ko bai ɗaga duka ba.

Wajen rubuta masa, ku fara da abin da ya yi daidai, ku kuma ambaci wurin, domin "ka yi ƙoƙari" ba ya koya wa kowa komai. Ku zaɓi gyara biyu ko uku, kuskuren yatsa guda da ya zame ba sai an ambata ba, ya riga ya ji shi. Ga misali: "Malam, daga gaɓa ta 1 zuwa ta 4 hannunka ya natsu sosai. A gaɓa ta 5 gajeren amon ya haɗe da na uku. Ka gwada bugun tebur na mako guda, ka sake naɗo mana gaɓa ta 5 zuwa ta 9 kaɗai, ba feda."