Darasi: Yadda Ake Karanta Alƙaluman Aiki da Albashi na QCEW a Amurka

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Yau za mu duba wani kundin alƙaluma da ake kira QCEW, wato ƙidayar guraben aiki da albashi, wanda Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta Amurka, BLS, take fitarwa duk bayan wata uku.

Tushensa haraji ne. Bayan wata dokar tarayya ta 1935 kowace jiha ta kafa inshorar rashin aiki, kuma galibi mai ɗaukar ma'aikata ne yake zuba kuɗin. Duk wata uku sai ya miƙa wa jiharsa takarda: ga yawan ma'aikatana a kowane wata, ga jimillar abin da na biya su. Jihohi su tattara su tura wa BLS, a haɗa da na ma'aikatan gwamnatin tarayya. Ba wasu kamfanoni ƙalilan aka zaɓa aka tambaya ba, kusan kowa aka ƙirga, fiye da kashi 95 cikin ɗari na guraben aikin albashi a ƙasar. Sai dai ana jiran wata biyar zuwa shida kafin sakamakon ya fito.

Wa ake ƙirgawa? Duk wanda ya yi aiki ko aka biya shi a zangon albashin da ranar 12 ga wata ta faɗo a ciki. Ku lura, gurbin aiki ake ƙirgawa, ba mutum ba. Mai aiki da safe a asibiti, da yamma a kanti, sau biyu zai fito. Kuma inda ake aikin ake rubutawa, ba inda mutum yake kwana ba. Wanda gidansa ke jihar New Jersey amma yake aiki a gundumar Manhattan ta birnin New York, a Manhattan zai bayyana. 'Yan jarida da dama suna tuntuɓe a nan, su ɗauki albashin gunduma su ce kuɗin shigar mazaunanta ne.

Masu sana'ar kansu ba sa ciki, haka sojoji, da yawancin ma'aikatan jirgin ƙasa da ke da nasu tsarin, da yawancin leburorin ƙananan gonaki.

To, ku ɗauko biro mu yi lissafin matsakaicin albashin mako. A ce wata masana'anta tana da ma'aikata 100 a Janairu, 110 a Fabrairu, 120 a Maris. Ku haɗa ku raba uku, kun sami 110. A ce ta biya dala 1,430,000 a watannin. Ku raba da 110, ya ba ku 13,000. Ku sake rabawa da 13, wato makonnin da ke cikin wata uku. Dala 1,000 ke nan a mako.

Wannan dubun tana da tarko. Albashin ya ƙunshi garaɓasar ƙarshen shekara, da kuɗin sallama, da tukuicin da masu saye ke bayarwa. Bankunan New York sukan raba garaɓasa a farkon shekara, sai alƙaluman wannan zango na wata ukun farko su yi tsalle. Saboda haka kada ku gwada zango na farko da na biyu. Ku gwada shi da na farkon bara. Sannan ba a ware mai aikin rabin rana da mai cikakken yini ba, gidajen abinci kan fito da albashi ƙasa sosai saboda haka. Abin da ya faru a 2020 ma darasi ne: korona ta kori masu ƙaramin albashi da yawa, matsakaicin ya haura, alhali ba ƙari aka yi wa mutane ba.

Idan kun ga gurbi babu lamba, da harafin N a gefe, ba sifili ba ne. An ɓoye ne don kada a gane sirrin wani kamfani, musamman a ƙaramar gunduma da masana'anta ɗaya ta mamaye.

Da wannan kundi ake gyara rahoton ayyuka na wata-wata da kasuwanni ke ɗoki, ana daidaita shi da ƙidayar watan Maris. A Agustan 2024 gyaran farko ya nuna rahoton ya ƙirga gurabe 818,000 fiye da yadda suke, sai an rage su; da aka kammala a Fabrairun 2025, ragin ya tsaya a 598,000.