Kanta mai gangara: wane kaya ne ya cancanci hawa kanta?

Bashir: Assalamu alaikum masu saurare. Yau hirar sito za mu yi, tare da Injiniya Sani da Hajiya Rabi mai sarin magani. Injiniya, Hajiya ta ga wata kanta a intanet, kwali na tafiya da kansa, ta ce sai ta mallake ta.

Hajiya Rabi: Cewa na yi a gaya mini kuɗinta tukuna, Bashir. Kar ka ƙara mini gishiri.

Injiniya Sani: Hajiya, ba wani siddabaru a ciki. Kanta ce da aka ɗan karkata, bayanta ya fi gabanta tsawo, an shimfiɗa mata layukan ƙananan tayoyi. Mai loda kaya yana ta baya, mai haɗa oda yana ta gaba. Da an ɗauke kwalin gaba, na bayansa sai ya gangaro ya maye gurbinsa. Nauyin kayan ne ke tura su, ba ruwanta da wuta ko janareta.

Bashir: To ai wannan kaɗai ya isa a saya, a garin da wuta ke yadda take.

Injiniya Sani: A'a, kanta ta kullum ma ai ba ta cin wuta. Abin da ake saya a nan shi ne tafiyar ƙafa. Masu binciken harkar sito sukan ƙiyasta cewa haɗa oda na cinye wajen kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tafiyar da sito, kuma kusan rabin lokacin mai haɗa odar a zirga-zirga yake ƙarewa. Ita wannan kantar zurfi gare ta. Kowane irin kaya fuska ɗaya tak yake nunawa, sauran sun yi layi a baya. A ce faɗinta mita 2.4, kwalayenki santimita 30 ne, in an bar ɗan fili tsakaninsu za ki samu layi 7. Hawa 4 ya ba ki kala 28 a gaban yaro ɗaya, taku biyu ko uku ya kai ga kowanne.

Hajiya Rabi: Ni abin da ya ja ni ma daban ne. Yara sukan jibga sabon kaya a gaba, tsoho ya maƙale a lungu, sai ranar lissafi ka tarar da kwalin sirop ɗin tari ya rage wata guda ya lalace. Kuma NAFDAC ba ta jin magiya a kan wannan.

Injiniya Sani: Tana maganin wannan, amma rabi. Wanda ya fara shiga shi ke fara fita, wannan tabbas ne tunda ƙofar shiga daban, ta fita daban. Sai dai kanta ba ta karatu, Hajiya. In kamfani ya kawo miki kaya yau wanda wa'adinsa ya fi na makon jiya kusa, aka tura shi ta baya, to a baya zai zauna. Dole mai loda ya duba kwanan watan da ke jikin kwali kafin ya sake shi.

Hajiya Rabi: Wato dai ido ba ya hutawa. To mu zo ga kuɗi. Ina da kala sun haura ɗari biyar.

Injiniya Sani: In kika ce duk za su hau, ni da kaina zan hana ki. Ta fi kanta ta kullum tsada nesa ba kusa ba, don kowane layi tayoyi ne da ƙarfe. Ɗauko littafin ciniki na wata uku, ki ƙirga sau nawa aka taɓa kowane kaya. Sau nawa aka taɓa shi fa, ba nawa ya kawo ba. Yawanci za ki ga 'yan kaɗan ne, wajen kashi 20, ke ɗauke da mafi yawan aikin. Waɗanda ake nema sau biyu a wata su zauna a kantarsu ta da. Waɗanda kuma ke fita kwali hamsin hamsin a rana, su ma ba nan ne wurinsu ba, a bar su a kan falet ɗinsu, wato dandamalin katakon da ake jera kaya a kai, kusa da ƙofa, don mai loda zai gaji da cika layin. Na tsakiya, masu fita kullum amma a ɓare kwali a ɗebi kaɗan kaɗan, su aka yi wa ita.

Bashir: Injiniya, 'yan Kasuwar Singa na saurare. Buhun sukari fa?

Injiniya Sani: Buhu ba ya gangara, lotsawa yake tsakanin tayoyi ya zauna. Sai an ɗora shi a faranti ko akwatin roba, kuma wannan wani kuɗin ne. Kwalin taliya, sabulu, madarar gwangwani, waɗannan lafiya lau.

Bashir: Gangarar fa, yaya ake auna ta?

Injiniya Sani: Akwai irin wannan kanta da ake yi don falet, ita wajen santimita 4 ake saukewa a kowace mita, kuma tana buƙatar tayoyin birki da abin da zai riƙe na baya kar ya danne na gaba, don tan guda in ya taho ba ya jin tsaya. Ta kwali takan ɗan fi haka gangara, kuma kwali mara nauyi ya fi son gangara sosai. Amma kar kowa ya yanka ƙarfe da lissafin takarda. A haɗa layi ɗaya, a kawo kwalin da ya fi nauyi da wanda ya fi sauƙi, a gwada. A gwada da tsohon kwali ma, wanda ya sha damina gindinsa ya yi laushi. Za ka ga ya tafi rabin hanya ya tsaya, ka ɗaga shi ka tarar da shatin tayoyi kwance a ƙasansa. Shi ya sa ake so a samu aƙalla taya uku a ƙarƙashin kwali a kowane lokaci, in mai laushi ne a ƙara matso su.

Hajiya Rabi: Ƙurar hunturu fa? Ko a rufe sito yake sai ta shiga.

Injiniya Sani: Tana shiga boris ta cije shi. Kuma kar a ce za a sa giris, ƙurar zai kama ya zama laka. Buroshi da iska, a kai a kai.

Hajiya Rabi: Mai waldana zai iya? Don kuɗin shigo da ita daga waje, da canjin dala, ba zan iya ba.

Injiniya Sani: Gangar jikin zai iya, amma ki ce masa katakai da sandunan da ke riƙe layukan da noti za a ɗaure su, a huda ramuka a jere. In ya like su da walda, ranar da kamfani ya canja girman kwali kin shiga uku. Layukan tayoyin kuwa gara a sayo na kamfani, don in taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta tsawo kwali zai karkace ya toshe layi. Akwai kuma irin ta bututu mai kaurin milimita 28 da ake haɗawa da maɗauri, wadda masana'antun Japan suka yaɗa, ta dace da kaya marasa nauyi. Sannan a duba daɓen ƙasa. In daɓen da kansa ya karkace, ya ci miki gangarar ko ya ƙara mata.

Bashir: Kuma ana buƙatar hanya ta baya.

Injiniya Sani: Lallai, wadda mutum da baro za su wuce. In sitonki ƙuntatacce ne har kantar za ta jingina da bango, amfaninta ya tafi. A jera ma akwai dabara: masu saurin fita tsakanin ƙugu da kafaɗa, masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama.

Hajiya Rabi: To Injiniya, ranar Asabar zan aiko maka da littafin cinikin da kwali uku, har da wanda ya sha ruwa. A fara da layi ɗaya mu gani.

Injiniya Sani: Ki haɗo da awon sitonki, tsawo da faɗi, da inda ƙofa take.

Bashir: Masu saurare, nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.