Darasi: Makin jami'a ko ƙirar jiki, wanne ake dubawa a zaɓen NBA?

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau za mu zauna kan lokacin da ƙungiyoyin ƙwallon kwando na NBA a Amurka ke zaɓen sabbin 'yan wasa, wato cikin watan Yuni. Zagaye biyu ake yi, kuma waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su suka fi samun damar zaɓa da wuri. To ga tambayar: za ka ɗauki yaron da ya yi ta zuba maki a jami'a, ko dogon da Allah ya hore wa jiki amma hannunsa bai faɗa ba tukuna?

Mu koma 2007. Ƙungiyar Portland ce ke da zaɓin farko, ta ɗauki Greg Oden na jami'ar Ohio State, ƙato mai ƙafa bakwai. Seattle ta ɗauki Kevin Durant. A gwajin da aka yi musu kafin zaɓe, an kwantar da Durant aka ɗora masa ƙarfe mai nauyin kusan kilo 84, ko sau ɗaya ya kasa ɗagawa. Aka yi ta dariya, wai wannan siririn zai karye. Amma ku duba abin da ya yi a jami'ar Texas: kusan maki 26 a kowane wasa, yana ɗan shekara 18. Ku riƙe wannan, shekara 18. Durant ya zama tauraro a NBA, Oden kuwa bai je ko'ina ba. A yi wa Oden adalci dai, gwiwa ce ta ci amanarsa, kakarsa ta farko ma gaba ɗaya jinya ya yi.

Yanzu ga Jimmer Fredette. A 2011 yana cin kusan maki 29 a kowane wasa a jami'ar BYU, ya fi Durant ke nan a takarda. Sai dai shekarunsa 22, yana wasa da ƙannensa. Aka zaɓe shi na goma, bai zauna daram a NBA ba, daga baya a Sin ya yi suna.

Kun ga inda na dosa? Kada ka tambayi maki nawa kawai, ka tambayi yana ɗan shekara nawa ya ci su.

Masu bin jiki kuma, wani lokaci caca ce ke fitowa. Milwaukee ta ɗauko Giannis Antetokounmpo na 15 a 2013, ɗan iyaye 'yan Najeriya, daga ƙaramin rukuni a Girka, bai taka jami'ar Amurka ba. A 2021 ya kawo musu kofin NBA. Amma Memphis ma tsayi ta bi a 2009, ta ɗauki Hasheem Thabeet ɗan Tanzaniya na biyu, ta bar Stephen Curry har sai na bakwai. Thabeet bai taɓuka komai ba, Curry kuwa ya zama babban tauraro.

Ni idan ka ba ni takardar yaro, bayan na ga shekarunsa, jifan kyauta (wanda ake ba ɗan wasa idan an yi masa laifi) nake fara dubawa, domin a nan babu mai tare shi, hannunsa ne kawai da kwando. Curry yana jefa sama da 85 cikin 100 tun yana kwalejin Davidson. Ku ɗauko sunayen bana ku gwada, mu haɗu a darasi na gaba.